Wuƙar Aljihun Tanimun Mai Amalanke

Duk wanda ya bi hanyar Bazaga zuwa Ƙonni a shekarun nan ya san Tanimun mai amalanken jaki. Dogo ne siriri, maganarsa sai an tono ta, in ka gaishe shi sai ya gama duban ƙafafun jakinsa tukuna ya amsa. Sana'arsa kai awaki da tumakin mutane kasuwa. Masu amalanke sun yi yawa a hanyar, amma mata nasa suke jira, saboda abu guda: dabba ba ta taɓa zama mushe a hannunsa ba. In rana ta buɗe, akuya ta galabaita, numfashinta ya fara sama-sama, nan da nan zai sauke ta, ya fuskantar da ita gabas, ya yanka. Mai akuya ta rasa ciniki, amma namanta ya dawo mata halal.

Wuƙar ubansa ce yake wannan aiki da ita, mai kube, ɗaure a damtse. Sai wasu marasa kan gado biyu suka farke juna a kasuwar dabbobi a kan igiyar raƙumi. Igiya fa, ba raƙumin ba. Aka wayi gari da doka: ba mai shiga da wuƙa a damtse ko a ƙugu. Masu kaki suna bakin ƙofa, wadda suka gani sun karɓe. 'Yar ƙarama mai naɗewa a jefa aljihu, ita ce kaɗai ba ruwansu da ita. Tanimun ya rataye wuƙar ubansa a bangon ɗaki, ya fita ran nan yana jin kamar ya mance wandonsa.

Daga nan ya shiga neman wuƙar aljihu, kuma ya sha wahala. Ta farko a faifan wani mai koli ya same ta, sai ƙyalli kamar madubin amarya. Ya gwada ta a kan rogo ta lanƙwashe, ruwan farko ya taɓa ta ta yi ja da tsatsa. Ta biyu daga tsallaken iyaka aka kawo masa, tana da kaifi, amma sai ka haɗa da haƙori kafin ta buɗe. Wani soja mai suna Sumaila, wanda aka turo aiki Ƙonni daga can gabas, Tanimun yana kai wa matarsa itace, ya ji labari ya ciro tasa yana fahariya. Kanif yake ce mata. Ja ce, cikinta har da almakashi da abin buɗe kwalba da tsinken sakace.

Tanimun ya juya ta, ya auna tsawon ruwanta da ɗan yatsansa, ya miƙa masa abinsa.

"Shef, wagga ta yanke farce ce. Ni ta yanke maƙogwaro nike nema."

A ƙarshe wurin Yari maƙeri ya koma, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Yari ya ƙera masa ruwan wuƙa daga sifirin tsohuwar mota, ya yi mata ƙota da ƙahon sa, ya sa zoben ƙarfe a wuyanta: in ka buɗe sai ka murza zoben, ya riƙe ruwan kada ya koma. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana aske gashin hannu. Tanimun ya so wuƙar nan, gaskiya ya so ta. Kullum da hantsi, jaki na tafiya, yana wasa ta a kan ɗan dutsen da ke aljihunsa na hagu.

Ta yi masa aiki shekaru, har zoben ya fara sakwarkwacewa. Ya ce zai kai wa Yari gyara, yau ne, gobe ne. Ran da ya je, ya tarar da maƙera a rufe, toka ta yi sanyi. Yari ya kwashe iyalinsa ya yi Nijeriya neman abin kai wa baki.

Shekarar dubu biyu da biyar ke nan. Daminar baya ta ƙi, fara ta zo ta lashe ɗan abin da ya tsira. Rumbuna suka zama wurin kwanan ɓera, har ɓeran ma ya gudu. Mata suna wuni a daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciwu. Dabbobi kuwa suna faɗuwa a tsaye.

Tanimun yana da yaya mace, Sahiya, mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara da jar akuya guda. Ta riƙe akuyar nan saboda nono har nonon ya ƙafe. Ranar kasuwa da sassafe ta jawo ta ƙofar gidansa, akuya na tangaɗi, haƙarƙari duk a waje.

Ya taɓa wuyanta, ya buɗe fatar idonta. "Yaya, wagga ba ta kai Ƙonni."

"In ta kai, ka sawo muna hatsi. In ba ta kai ba, ka yi mata abin da ka saba." Ta gyara zanenta. "Ɗiyan nan tun shekaranjiya ruwan anza suke sha. Ko hatsi ko nama, Tanimun. Kada ka komo mini hannu banza."

Ya shiga ɗaki ɗaukar hula, ya dubi wuƙar ubansa a bango. Kasuwa za shi, za a karɓe. Ya bar ta a nan.

Ba su yi rabin hanya ba akuya ta saki kai. Ya tsayar da jaki, ya sauke ta kan yashi, ya juya ta gabas, ya taka ƙafafunta. Ya buɗe wuƙa, ya murza zobe, ya ambaci sunan Allah, ya ja. Fatar dabbar da yunwa ta cinye tauri gare ta kamar busasshen ƙirgi. Ya ƙara dannawa, sai zoben ya zame, ruwan wuƙa ya rufe a kan manuniyarsa har ƙashi. Hannun ya fizge da kansa, wuƙa ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin amalanke, yashi ya haɗiye ta.

Ya bi ta da rarrafe, jini na zuba, yana tono da hagu. Da ya same ta, ya buɗe da haƙori, ya dawo, akuya ta riga ta yi shiru. Ido a kafe, ko wutsiya ba ta motsi. Duk da haka ya ƙarasa yankan da hannun hagu, a karkace, ƙasa da na fari. Ɗan baƙin jini ya gangaro, bai yi tsartuwa ba.

Ba sai an kira malami ba, kowa a ƙasar nan ya san hukuncin. Ya ɗaga hannu yanka bai cika ba, rai kuma ya fita kafin ya dawo. Mushe ce.

Hanya fayau, ba mutum ba mota, sai ungulaye da suka fara kewaya sama. Ya ja akuyar gindin wata ƙaya, ya hau amalanke, ya kaɗa jaki. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya daɗe zaune, ya dunƙule yatsan cikin gefen rigarsa, yana jin kunyar Allah yana jin kunyar yarsa. Sannan ya juya ya je ya ɗauko ta.

Yara suka hango amalanke suka rugo, da suka ga wuya a yanke sai murna. Ya feɗe ta a tsakar gidan Sahiya, kansa a sunkuye. Ita ta ɗauki kai da wuya za ta babbaka, sai ta tsaya. Ta ga yanka biyu da ba su haɗu ba. Ta dubi naman, ya yi duhu, jini bai tsane ba. Ta dubi tsumman da ke yatsansa.

"Ta yi shure-shure?" ta tambaya a hankali.

Yaran suna tsaye kewaye da su, idanunsu a kan hanta.

"Ta yi, Yaya."

Tun da aka haife shi bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma bai iya ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cusa wuyan cikin wuta, wajen yankan ta fara sawa.

Da la'asar sakaliya tukunya ta nuna. Ta zuba wa yara nasu a babbar ƙwarya, ta kai musu bayan ɗaki. Tanimun ya miƙe zai sulale, ta ce ya zauna. Ta kawo ɗan akushi ta ajiye tsakaninsu, wuyan ne a ciki, rabon mai yanka.

"Na ƙoshi, Yaya."

"Ba ka ƙoshi ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Ka sani, ni ma na sani. Ni nac ce kada ka komo hannu banza. Ba ni barin ka ɗauka kai ɗai, kai ma kada ka bar ni. Sa hannu."

Ta fara yagar tsoka ta kai baki, hawaye na bin kumatunta. Ya sa hannunsa mai ciwo ya yaga. Daga ita har shi ba wanda ya iya ambaton sunan Allah a kan akushin nan. A bayan ɗaki kuwa, babbar cikin yaran tana tsawata wa ƙannenta, kada wanda ya taɓa sai ya yi bismillah, suka haɗa baki suka yi da ƙarfi.