Shekarar da na buɗe ramin tama da damina

Na tsufa, sunayen jikokina ma rikice mini suke yi, amma ranar da ramin tama ya rufta tana nan a idona, kuma da ita zan shiga kabari.

Mu maƙera ne, daga wani ƙauye kusa da Gidimuni. Tun zamanin kakanni muke haƙo tama mu narka ta mu fid da ƙarfe. Sarkin maƙera kuwa dattawan sana'a ke zaɓensa, su damƙa masa wata tsohuwar masaba, gudumar ƙira ta wanda ya kafa maƙerarmu. A lokacin baffana ke riƙe da ita. Dokarmu mafi tsauri ita ce, daga saukar ruwan farko ba mai shiga rami sai an gama girbi.

Ba a daɗe da zuwan Nasara ba, kumandan ya aiko daga Zinder yana son gatura da fartanyoyi na masu aikin hanya, damina kuwa ta yi tsakiya. Baffa ya ce wa mai fassara, "Gaya masa ƙasa ta jiƙa. Ya jira kaka." Gardi biyu, wato dogaran Nasara, suka tasa ƙeyarsa zuwa gidan kaso, aka kuma tambaya ko akwai mai iya aikin. Ni, da rawar kai irin ta ɗan shekara talatin, na ce akwai. Ba tsoro ne ya sa ni ba, kwaɗayin rawani ne, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. A ganina dokar nan camfin tsofaffi ce kawai.

Aka naɗa ni sarkin maƙera a bariki. Da na dawo gida dattawa suka ƙi ba ni masabar, ko barka ba wanda ya yi mini. Na yi fushi na ce gobe ni zan fara sauka, su gani. Da safe yayana ya tare ni a bakin rami, ya karɓe igiyar daga hannuna.

"Kai sarki ne yanzu, ai sai ka tsaya sama," in ji shi.

"Yaya, gatse kake mini?"

"Ba gatse ba ne. Matarka na da ciki. Matsa."

Ya sauka da mutum biyu. Kwando uku suka turo sama, tama jawur mai kyau, har na fara waigen dattawan ina murmushi. Can hantsi sai na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata. Ba wata ƙara mai yawa, gefen ramin ne kawai ya zame ya zauna. Muka yi ta tono da hannu har faratanmu suka ciccire. Biyu muka ciro da rai. Yayana sai bayan la'asar muka kai gare shi, bakinsa cike da laka.

Da aka sako Baffa, na ɗauka tsine mini zai yi. Ya zauna ya ce, "Ka san wanda ya kafa dokar nan? Mai masabar. 'Ya'yansa biyu rami ya binne da damina." Ya shiga ɗaki ya fito da masabar ya ajiye a gabana. Na ce ban cancanta ba. Ya ce, "Jiya ba ka cancanta ba. Yau babu wanda zai tsare dokar nan kamarka."

Na riƙe ta har ƙarfina ya ƙare. Sau biyu ana kai ni kaso don na ƙi buɗe rami da damina, ban kuwa ji zafin ba. 'Ya'yan yayana a gidana suka girma, kullum suna ce mini Baba, kullum kalmar tana sukata.

Abin da na koya shi ne, in ka tarar da doka a sana'ar gidanku, kafin ka taka ta, ka tambayi wa aka binne aka kafa ta. Ni ban tambaya ba, sai da na binne nawa.