Baƙin Mai Agogo

Mai Agogo maƙwabcina ne. Ya tsufa a kan teburin gyara, gilashi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai shagon ya zama wurin shan iska. Autarsa, wadda ke aikin ofis, ta ga zaman ya fara cinsa, ta buɗe masa shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, ta ce ya riƙa zuba abin da ya sani.

Ya kuwa zuba. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, a hankali, kamar mai tsoron kada kwamfutar ta ji ciwo. Yau labarin agogon bango, gobe yadda ake yi wa agogo wani, wato a murɗa shi, ba tare da an tsinka shi ba. In manhajar kwamfutar ta nemi a sabunta ta, sai ya ce mata ta bari sai gobe, yana da baƙi.

Baƙin su ne masu tsokaci a ƙasan rubutunsa. Kullum suna tafe, kuma bakinsu ɗaya: rubutu ya yi kyau, ba su taɓa ganin irinsa ba. Daga nan wani ya tallata maganin ƙiba, wani takalma. Mai Agogo yakan amsa wa kowa. Ya yi godiya, ya tambayi iyali, ya ba da haƙuri cewa takalmansa da sauran ƙwari. Uwargidansa takan ce ita ma da za ta samu rabin wannan gaisuwar, da ta yi ƙiba ba magani.

Ranar da Auta ta leƙa shafin, dariya ta hana ta magana. Da ta lafa, ta ce, "Baba, waɗannan fa ba mutane ba ne. Inji ne ke watsa su ko'ina."

"Har mai takalman?"

"Shi ne ma babbansu."

Ta sa wa shafin rariya, wata 'yar manhaja mai tace tarkace ta zuba a kwandon shara. Washegari shafi ya yi tsit. Jibi ma haka. Mai Agogo bai yi ƙorafi ba, sai dai yatsan nan ya daina aiki. Da na tambaye shi, ya ce ko mai wa'azin kasuwa yana so ya ga ƙeyar mutum ɗaya.

Wata safiya kewa ta kai shi kwandon, wai ya ga yadda tsofaffin baƙinsa suke. Suna nan, suna ta yabo. A tsakiyarsu kuwa ga wani da rariyar ta kama saboda kaushin bakinsa. Ya rubuta cewa duk wanda ya ce a ɗiga wa agogon hannu man keken ɗinki, kamar yadda Mai Agogo ya faɗa a shafinsa, to bai san agogo ba, gyaran keke ya dace da shi.

Mai Agogo ya karanta, ya sake karantawa, ya kira Auta a waya. Ta tabbatar masa inji ba ya zagi da hujja haka. Ban taɓa ganin wanda aka ci wa mutunci ya yi irin wannan fara'a ba. Ya tsamo mutumin daga shara, ya yi masa doguwar amsa, ya ce a kan man ya yi gaskiya, amma batun keke a bar shi. Kafin la'asar mutumin ya dawo da wata sabuwar.

Har yau suna nan suna fafatawa, ba wanda ya san fuskar wani. Sai dai na lura, tun daga lokacin, rubutun Mai Agogo ba ya rasa ɗan kuskure ɗaya, ajiye a inda ido zai gani. Alhali Mai Agogo mutum ne da ko ƙusa mai girman ƙwayar gero bai taɓa sawa a gurbin da ba nata ba.

Na taɓa yi masa zancen. Ya gyara gilashinsa, ya ce tsufa ne.