Bizar Shiga Sau Ɗaya

Duk wanda ya zauna a Doha ya san wayarsa ba ta hutawa da hotunan fasfo. Ɗan uwa, maƙwabci, wanda rabonka da shi tun firamare, kowa sai ya turo shafin farko ya rubuta a ƙasa, a taimaka. Sai ka ce a ɗakina ake buga biza. Ni gyaran na'urorin asibiti ya kawo ni, ga ni da saurin fushi, shi ya sa da yawa suka daina gaishe ni. Mutum ɗaya ne ban taɓa yi wa tsawa a kan wannan ba, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A gidanta na yi sakandare a Gusau, ita ta riƙe ni shekara huɗu ba ta taɓa bambanta kwanona da nasa ba. Shi ƙanen nawa mai aikin wayarin lantarki ne, magidanci da 'ya'ya biyu. Hannunsa na da kyau, aikin ne babu.

Karon farko bizar horo na nema masa. Wani kamfani a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, ya yarda ya kawo shi ya koyi aikin manyan janareto na 'yan watanni, in ya yi kyau a duba. Takardu sun kusa fitowa korona ta sauko, aka rufe filayen jirgi, magana ta mutu. A cikin kullen nan ne mahaifina ya rasu. Ina ɗakina a Wakra, kudu da Doha, aka kira ni, aka binne shi kafin la'asar, ni kuwa ko ƙofar gida ba ni da ikon wucewa sai da takunkumi da dalili. Na yi kuka kamar yaro. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban san zafin abin da na yi daga baya ba. Na san shi sarai.

Da gasar ƙwallon duniya ta matso, aiki ya buɗe, 'yan damfara ma suka buɗe. Ya kira ni da murna wai wani eja zai sayar masa da bizar da ba kafil, wato ba uban gidan da zai tsaya masa, ya zo ya nemi aiki da kansa. Na ce masa in ya kuskura ya ba mutumin nan ko sisi, kada ya ƙara kirana Yaya. Ba bizar aiki marar kafil, akwai dai kafil da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar da ka shiga uku. Ya ce to katin 'yan kallo fa? Na ce wannan na kallo ne, in aka kama ka da filaya a hannu gida za a mai da kai. Kwantiragin shekara biyu mai katin zama shi ne na kirki, amma ba a ba wanda ba a san hannunsa ba. Abin da ya rage mana shi ne bizar aiki ta wucin gadi, wadda kamfanoni ke kawo ma'aikata da ita don gasar kawai.

Ita muka samu. Da takardar ta iso na karanta masa ta waya layi-layi, na tsaya a kan layi ɗaya na maimaita: shiga sau ɗaya. Ka fita ƙasar, ta mutu, ko saura wata biyu gare ta. Manajan kamfanin da ya ɗauke shi kuma ya ce waɗanda suka tsaya har aka kwance kayan bayan wasan ƙarshe, daga cikinsu za a zaɓi masu kwantiragi.

Ya zo, aka sauke su a masaukin ma'aikata a Sanaiya, su shida a ɗaki. Aikinsu jan waya da kafa fitilu a filayen da 'yan kallo ke taruwa. Ya yi baƙi, ya rame, amma duk Juma'a in ya zo wurina bakinsa ba ya rufuwa. Har ya koyi ɗan Larabci, su yalla da khalas, yana yi wa matata a kicin.

Ana tsakiyar gasar, wata Laraba da hantsi, Kawu ya kira ni, wan su Inna, babban gidanmu. Ya ce jikin Inna ya matsa, an kwantar da ita, ƙoda ce. Duk Bahaushe ya san in babba ya ce jiki ya matsa, to ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya ce, “An yi shawara, kada a gaya wa yaron. Kai ka san takardunsu. In ya taho zai iya komawa?”

Na ce ba zai iya ba, Kawu, ba mai sake buga masa wata a tsakiyar gasa.

Ya ce, “To ka riƙe bakinka. Ga ta ma.”

Aka kara mata wayar. Muryarta ta yi siriri, amma ita ce. Ta ce, “Ɗan nan, amana na ba ka. Shekara nawa yana neman wannan ƙofa. Kada ka ɗago min shi saboda ciwon tsufa.”

Haka muke yi, ba mu muka fara ba. Matafiyi ba a ɗora masa labarin da zai karya masa gwiwa, a bar shi ya gama abin da ya kai shi. Na ce to, Inna. Wallahi har sauƙi na ji a raina, don an ɗauke min nauyin yanke shawara. Ni na kawo shi, ni na tsaya masa a wurin manaja, ba na son a ce ɗan uwana ya gudu ya bar aiki. Wannan ma yana ciki, ba zan ɓoye ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kai shi bakin teku a Wakra muka sayi gasasshen kifi. Gari cike da baƙi, kowa da tutar ƙasarsa a kafaɗa, ana ta kiɗa. Yana cire ƙaya ya ce kwana biyu in ya kira Inna ƙanwarsa ke ɗauka, kullum wai tana barci. Ya ajiye kifin ya dube ni.

“Yaya, ka ji wani abu ne?”

Na ce zazzaɓi ne, ka san Inna da ƙin shan magani. Har na haɗa da faɗa, na ce ya mai da hankali kan aikinsa, wayar wuta ba ta son mai tunani biyu. Ya ce haka ne, ya ci gaba da ci. Ya yarda da ni don ban taɓa yi masa ƙarya ba. Matata ce kaɗai ta ce min a mota, bayan mun sauke shi, wannan abu ba daidai ba ne, a gaya masa ya zaɓa da kansa. Na daka mata tsawa na ce ba ta fi Kawu hankali ba.

Ranar Alhamis ta sama, ina cikin kwance wata na'urar numfashi a wurin aiki, Kawu ya sake kira. Rai ya yi halinsa bayan asuba, ana shirin kai ta. Ya ce, “Yanzu kam sai ka je ka same shi. Kada ya ji a waya.”

Na nemi izini na koma gida na sa kaftani, don ba a kai irin wannan labari da kayan aiki. Na bi ta Sanaiya na ɗauki wani dattijo ɗan zangon Kumasi, mai gadi ne, shi ke ja wa su ƙanena salla a masauki. Na gaya masa komai a hanya. Bai zage ni ba, bai kuma ce na kyauta ba, carbinsa kawai yake ja.

Mun same shi a wani fili bayan dogayen benayen Dafna, rana tsaka, yana durƙushe kan akwatin wuta da hular kwano a kansa. Da ya ɗago ya gan ni da kaftani ranar aiki, ga liman a bayana, sai ya ajiye filaya a hankali. Muka ja shi inuwar wata kwantena muka zaunar da shi. Dattijon ya yi abin da ya dace, ya ce sai haƙuri, Allah ya karɓi abarsa. Ƙanena ya yi salati ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takalmin aikinsa. Aka yi addu'a aka shafa.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ta daɗe a kwance?”

Da na so, da na ce farat ɗaya ne, ba mai ƙaryata ni a wurin. Amma bakina ya gaji. Na ce an kwantar da ita tun Larabar waccan, kuma na sani, ita da Kawu suka ce kada a faɗa, saboda bizar. Na shiga bayani, in ya fita ba dawowa, ga kwantiragi saura kwana kaɗan, ga yara. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma daga baya ya samu kwantiragin, yana nan Doha har yau. Amma a ranar bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ya ɗaga hannu, ya shiga lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, daga Laraba zuwa Alhamis.

Ya ce, “Kwana tara, Yaya. Gida kuwa tafiyar yini ɗaya ce.”

Fomansu ya leƙo yana nuna agogo, dattijon ya tashi zai yi masa bayani, ƙanena ya ce a bar shi. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaure igiyar hularsa, ya koma ya durƙusa gaban akwatin wutar.