Ɗakin Inna Mai Ƙafa Shida

Jikata ta taɓa kawo mini wata mujalla cike da hotunan gidajen wasu ƙasashe, wai don in sha dariya. Wani an gina shi a kife, wani kamar takalmi, wani kuma duk gilashi ne, ana hango mai gida yana cin abinci. Ban yi dariya ba. Ni ɗiyar magini ce, na san duk ginin da ya fita hankali akwai abin da ya matsa wa mai shi. A gidanmu na Tsamaye aka yi irin wannan, zamanin Turawa, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka.

Baba maginin rumbu ne. Daga Gangara har Isa ana aiko masa, don rumbunsa ba ya tsagewa. Ba shi da yawan magana, ga taurin kai, wanda in ji mutane ni na gada duka. Inna kuwa Bafulatana ce, a ruga aka haife ta, kuma duk shekarun da ta yi a gari ba ta saba da katanga ba. Danginta kan bi burtalin shanu da ke gabas da gari sau biyu a shekara, da kaka su gangara kudu, da farkon damina su koma arewa. In lokacin ya yi sai Inna ta sauya. Ta tsaya da taɓarya a hannu tana sauraron kukan shanun da ba ta gani. Matar aure ba ta zuwa bakin burtali leƙe. A irin kwanakin nan tuwo da ƙauri muke ci.

Wata kaka Kawu, ƙanen Inna, ya biyo ta gidanmu. Ya ce jangali ya ishe su, in damina ta faɗi za su ƙetara iyaka zuwa ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, ba kuma za su riƙa dawowa ba. Ya ce tsohuwarsu ta manyanta, tana son ɗiyarta kusa da ita, saboda haka in sun zo wucewa zai taho da takarkari, san ɗaukar kaya, ya ɗauki Inna. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni dai na san 'ya'ya na uba ne, in ta tafi ba da ni za ta ba. Tsoro ya kama ni tun daga ranar, har na daina zuwa wasa don kada in dawo in tarar ba ta nan.

Baba bai roƙe ta ba. Ina jin haushinsa a lokacin, ina ganin kamar bai damu ba.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya dawo daga yaƙin Bama, kullum yana gindin tsamiya yana ba da labari. Ya ce a can ya ga gidaje masu ƙafafu, mutane na kwana sama, ruwa na wucewa ƙasa, da tsani ake shiga. Kowa ya ɗauke shi zuƙi ta malle. Baba kaɗai ya tambaye shi, ya ce, "Ƙahwa nawa?"

Da rani ya shiga Baba ya kafa kututturan kirya shida a tsakar gida, dogaye, sun fi katanga tsawo. Ya shimfiɗa azara a kansu, ya fara ɗora laka da hannu zagaye-zagaye, yadda yake yi wa rumbu, ya rufe da jinka. Bai bar taga ko ɗaya ba, don kada a ce ana leƙen gidajen maƙwabta. Ƙofa ɗaya ya yi, babba, ya fuskantar da ita gabas.

Nan ne aka tabbata ya zautu. A ƙasarmu ruwan sama daga gabas yake tasowa da iskarsa, ko yaro ya san ba a ba shi ƙofa. Baffa, wan Baba, ya zo ya tsaya yana riƙe da haɓa.

"Ƙane, mi ka damun ka? Ko kaza ba a yi ma akurki da ƙohwa gabas. Kai da ka koya ma mutane gini?"

"Na sani, Yaya," in ji Baba, ya ci gaba da cuɗa laka.

Ɗakin nan ba abin da yake da shi na kirki, gaskiya ce ba ƙari. Ba a hura wuta a ciki. In iska ta taso sai ya yi ta rawa, in ya yi rawa bango ya tsage. Ruwan sha sai an hau da shi tsani. Ranar kasuwa masu wucewa Sabon Birni kan ratse su tsaya bayan katanga suna kallo, suka sa masa suna rumbun mutane. Ni kunya ta hana ni zuwa rijiya.

Inna ta yi mako guda ba ta ko ɗaga kai ta dube shi ba. Kunyar Fulani ba ta barin mace ta nuna ta gane abin da aka yi dominta. Rannan da la'asar Baba ba ya nan, sai ta ɗaure zane ta hau, na bi ta. Daga ƙofar ana ganin burtali gaba ɗaya, da fadama, da daji har inda ido ya gaji. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ja numfashi mai tsawo. Ta yi ta gaya mini sunayen itatuwa da Fillanci har rana ta faɗi.

Ruwan farko kuwa ya yi abin da kowa ya faɗa. Ya yi jifa da asabarin ƙofa, ya cika ɗakin, tabarma ta jiƙe sharkaf. Inna ta hau da ƙwarya tana kwasa tana watsowa, tana faɗa da wanda bai iya gini ba, ba ta kama suna. Ban taɓa jin ta yi faɗa da daɗin rai haka ba. Baba yana ƙasa yana karɓar faɗan da kai sunkuye. Duk ruwan da aka yi, ita ta kwashe, shi ya liƙe tsaga.

Bayan ruwa na uku shanun suka iso. Tun da safe Inna ta hau, ta zauna a ƙofa tana kallo, tana kiran kowace saniya da sunan uwarta, hawaye na zuba. Da na ga haka sai na fidda rai. Na ce a raina Baba ya yi wauta, da hannunsa ya nuna mata hanyar da za ta bi.

Da hantsi Kawu ya yi sallama, ya ɗaure takarkari a ƙofar gida. Inna ta sauko. Baba ya hau tsani da laka a hannu, ya juya mana baya yana liƙe wata tsaga. Ni na kama gefen zanenta na riƙe gam.

Kawu ya ce da Fillanci, "Adda, lokaci ya yi."

Inna ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Da ta buɗe baki sai ta amsa masa da Hausa, abin da ba ta taɓa yi da ɗan'uwanta ba, kuma da ƙarfi, yadda na kan tsani zai ji.

"Ka gaishe min da tsohuwa, ka ce ta yahe min. Za ni zo in gan ta da kaka, in Allah ya so. Amma ka ga ɗakin ga? Zuba yakai. In na tahi, wa za shi kwashe ruwan?"

Hannun Baba ya tsaya cak a jikin bango. Bai waiwayo ba. Can sai ya ci gaba da shafa laka a wuri ɗaya, wurin da ya riga ya liƙe tun ɗazu, yana shafawa yana ƙara shafawa, har Kawu ya kwance takarkarinsa ya tafi.