Tsakanin Yana da Tana

Duk sanda ƙamshin turaren wuta ya haɗu da na ƙasar da ruwa ya jiƙa, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Ƙofar Ran, a wata la'asar ta damina, Yayata tana zaune a tabarma tana juya itacen turare a kasko. Sana'arta ke nan, turare da humra, kuma yawancin masu saye matan manya ne a GRA. Kusan kullum sai ka gan ta a keke ta nufi can, jakar kwalabe a cinyarta. Ni kuwa malamar Hausa ce a firamare, ga jan biro ga saurin fushi.

A shekarar ce mijinta ya fito takarar majalisa. Ranar nan aka haɗa shi muhawara a rediyo da abokin hamayyarsa, wani dattijo daga kudancin jiharmu. Ba baƙo ba ne a wurinmu, don matarsa nas ce, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yan Yaya duka. Hausarsa irin wadda muka saba ji ce a kasuwa da ofis, babu mace babu namiji, kowa "ya" ne. Rabin ajina haka suke magana. Kullum ina gyara musu, kullum suna komawa, ban kuma taɓa ɗaukar abin ya wuce aikin jan biro ba.

An ɗauke ruwa, indararo na ɗiga a hankali. Hayaƙin da Yaya ke gwadawa ya ƙi tashi sama, ya kwanta a tsakar gida yana yawo tsakanin ƙafafunmu, muryoyin mazan nan biyu na shigowa ta cikinsa kamar daga wani gari. Sun yi maganar hanya, sun yi ta ruwan famfo, ni har gyangyaɗi ya fara ɗaukata. Can mijin Yaya ya ce wa dattijon ba shi da amana. Dattijon ya harzuƙa.

"Ni za ka gaya ma amana? Jama'a, ku tambayi matanshi. Kullum yana GRA wajen farka, kowa ya sani!"

Mai gabatarwa ya yi ta cewa a yi haƙuri, a koma kan batu. Hannun Yaya ya tsaya a cikin kasko. Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da juyawa, ta ce mini in miƙo mata kwalbar can.

Ni na san wanda yake nufi, ita ma ta sani. Da daɗewa mijinta ya dawo gida wata rana da ƙamshin wata humra a rigarsa, haɗin da Yaya ba ta yi wa kowa sai wata mai saye guda ɗaya a GRA. Hancin mai turare ba ya ɓata. Ta daina kai wa matar kaya, ta wanke rigar, ta goge, ta ninke. Ni kaɗai ta gaya wa, shi ma don na matsa mata ne. Ta ce 'ya'yanta ba za su tashi su ji an ce ubansu kaza ba, ita za ta rufa masa asiri. Na yi faɗa har na gaji, ta bar ni da faɗana.

Abin da ban hango ba shi ne yadda garin zai ji maganar. Kowa ya san a bakin dattijon nan mace ma "yana" ce. Kowa kuma ya san wa ke shiga keke zuwa GRA kusan kullum. Ya ambaci matar abokin hamayyarsa, ya ce "yana GRA", shi ke nan. Kafin washegari rabin gari sun tafi a kan Yaya yake nufi. A makaranta wata malama ta ja ni gefe, fuskarta cike da tausayin ƙarya, wai shin shi ne ko ita ce. Saura kaɗan in mare ta. Masu saye suka fara ja da baya. A gidan suna, Yaya ta yi sallama hira ta mutu.

Na sha tunanin ko ya dace ɗan takara ya tono irin wannan a bainar jama'a. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa wanda ya ci amanar matar da ke dafa masa abinci, me zai hana shi cin ta mutanen da bai ma san sunansu ba? Masu zaɓe su sani mana. Amma na ga inda maganar ta sauka. Maza biyu ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suna cacar baki, wadda ta kasa fita unguwa kuwa mace ce da ba ta nemi ƙuri'ar kowa ba. Tun daga lokacin, in na ji ɗan takara ya fara "ku tambayi matarsa", kashe rediyon nake yi.

Bayan kwana kaɗan matar dattijon ta zo, da farin kayan aikinta, ta tsaya a bakin zaure kamar ba ta taɓa shiga gidan ba. Yaya ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

"Hajiya, kunya ya hana ni barci," in ji ta. "Baban yara bai nufe ki ba, Allah ya sani. Bakinshi ne. Ya ce in kin yarda zai koma rediyo ya ce mijinki yake nufi."

Na ce a raina alhamdu lillahi. Amma Yaya ta dube ta, ta ce:

"Sista, ki gaishe shi, ki ce na gode. Amma ya yi shiru. Ba shi ya kamata ya gyara ba."

Da matar ta tafi na hau Yaya da faɗa. Ta ce in bari. Akwai zama na biyu a rediyo, mijinta zai yi magana. Ba ta neman ya tona kansa kaf, ya ce kawai, "Ni ake nufi, ku bar iyalina." Ta faɗi haka tana murmushi, irin murmushin da na daɗe ban gani ba a fuskarta. A lokacin na gane har yanzu tana son mutumin nan, sai tausayinta ya kama ni.

Ranar zama na biyu ma a gidanmu muka saurara. Hadari ya haɗo daga gabas, duwatsun bayan gari sun yi shuɗi kamar an rina su. Mijinta ya yi gyaran murya, ya yi salati, muryarsa a sanyaye.

"An ci mutuncin iyalina a wannan gidan rediyo," ya ce. "An yi wa matar aure ƙazafi. Amma ni na yafe, na bar wa Allah."

Mutane suka yi ta bugo waya suna yaba haƙurinsa. Daga baya na ji cewa mutanensa ne suka ba shi shawara, wai fassarar "ita" ta fi kawo ƙuri'a, shi ya fita tas, abokin hamayya ya zama mai zagin matan aure. Garwashin kaskon Yaya ya mutu ba ta hura ba, aka fara yayyafi muna zaune a ciki.

Kafin zaɓe ta ce in raka ta Gubi, inda mahaifinmu ya bar mana 'yar gona kusa da dam. Muka hau bas, muka ƙarasa a keke. Masara ta yi kai, ruwan dam ɗin ya cika ya kwanta lumui, gajimare na tafiya a cikinsa a hankali. Wasu ɗaliban jami'a na zaune can nesa, dariyarsu na zuwa tana ɓacewa. Muna yara nan muke zuwa, ita ta goya ni, tana nuna mini fararen balbelu tana cewa duk wadda ta ƙirga su za ta auri mai kirki. Na tuna mata, ta yi dariya har da hawaye.

Muka zauna a kan wani dutse. Iska na kaɗa mayafinta, ƙamshin humrarta na bin ruwan. Na ji kamar in muka daɗe a nan, duk abin da aka faɗa zai narke, mu koma gida mu tarar ba a taɓa yin wata muhawara ba.

"Malama," ta ce. Haka take kirana in za ta zolaye ni. "Tsakanin yana da tana, harafi nawa ne?"

"Ɗaya, Yaya."

"Ɗaya tak?"

"Tak."

Ta gyaɗa kai tana kallon ruwan.

"Duk shekarun nan ina rufa masa asiri. Harafi ɗaya na nema a wurinsa, ya hana ni."

Da rana ta yi sanyi muka tashi. A bakin titi mai keke ya tambaye mu ina muka nufa. Na buɗe baki zan faɗi unguwar mijinta, kamar yadda muka saba, in sauke ta in wuce. Ta riga ni.

"Ƙofar Ran," ta ce. "Mu biyu."