Gashin Ɗan Belbela

Iya, kakata, ba ta yin tatsuniya sai ta ga babanmu ya zauna cin tuwo. A ƙauyenmu na Bunkure, da an idar da magariba sai ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a murhu don hayaƙin ya kori sauro, mu kewaye ta. Baba ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa faɗa a gabanmu. Sai dai ta ɗaga murya.

"Matso, maigidana," haka take tsokanata, "ga wata nan tafe, mai kunne ya buɗe."

Labarin wata belbela ne da ta yi sheƙa a bakin ruwa. Kullum sai ta fige gashi ɗaya daga fiffiken ɗanta ta toshe kafar da iska ke shigowa. In ya yi kuka ta ce, "Guda ɗaya ne fa, gidan na kowa ne." Ranar da ruwa ya cika, kowa ya tashi. Shi ya buɗe fiffike, ba komai sai fata.

Na ce, "Ko uwar ta ƙi shi ne, Iya?"

"Ina fa. Sanyi take ji."

Baba ya wanke hannu ya fita. Da safe ya ce in ajiye jakar makaranta, tsuntsaye sun sauka a shinkafa, yau kaɗai. Ni ne jan igiyar gwangwanayen korar su daga hantsi har faɗuwar rana. Yau kaɗai ɗin nan ta cinye min jarrabawar aji uku. Wanda nake koya wa lissafi a ajinmu yanzu malamin asibiti ne. Ni ina dakon buhu a injin casa a Kura, ɗaki ɗaya a lungun da kwata ke bi ta ƙofa. Kada wanda ya ce min rabo ne. Fige ni aka yi.

Lungunmu cike yake da irina, samari majiya ƙarfi suna gadin benci, iyayensu na zaginsu. Wa ya fige su?

Bana na samu ɗan fegi na shuka shinkafa. Tsuntsaye suka sauka ana saura kwana biyu ɗana Nura ya fara jarrabawa. Na ji bakina ya ce, "Nura, ajiye littafin nan, yau ka..."

Ya ɗago ya dube ni, har ya fara rufe littafin. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, bai ko yi musu ba.

Na ce, "Buɗe abinka."

Na bar aikin injin na tafi gonar ni kaɗai. Igiya ɗaya, hannu biyu, tsuntsayen sun ci kusan rabi. Su ci.