Sun Baba na Ƙarshe

Ni da taubashina, ɗan goggona, tare muka fara harkar fim a Haɗeja, kuma tun muna yara ba na ƙaunar in ga ya riga ni samun komai. Shi mutum ne da abu ke zo masa a sauƙaƙe. Ni kuwa sai na yi gumi, a ƙarshe kuma shi za a yaba wa.

Shekarar da muka gaji da aron kayan aiki muka tafi Kano sayen kyamara, mai shago ya ajiye mana guda biyu a kan tebur. Ɗaya irin ta masu hoto ce, wadda ake kwance mata gilashi a ɗaura wani, 'yan fim na ce mata DSLR. Ita ce ke fito da fuskar mutum tar, ta dusashe abin da ke bayansa, hoton ya yi kama da na manyan finafinai. Ɗayar kuwa ta bidiyo ce zalla, irin ta masu ɗaukar biki: ka zura hannu a maɗaurinta, ka danna da yatsa ta jawo maka nesa kusa, ga makirufo a goshinta. Mai shagon ya yi mana bayani tsakani da Allah. Ya ce ta farkon tana son shiri da natsuwa, a tsayar da mutum a ce masa ya sake. Ta biyun ba ta da ƙawa, amma ba ta sa ka jira.

Ko rabin bayanin ban saurara ba. Hannun taubashina nake kallo, na ga ya nufi ta farkon, irinta kuma ita kaɗai ta rage a shagon. Na yi wuf na ɗauke ta.

Ya yi dariya ya ce, "To, ranka ya daɗe darakta. Mu 'yan ɗaukar kamu da walima a ba mu ɗayar."

Haushi ya ƙara kama ni, don na so a ce ya ji ciwo. Wata da watanni ina yi masa tsiya, in nuna masa hotunan da na ɗauko a bakin kogi, in tambaye shi ko amaryar jiya ta fito da kyau.

Babanmu masunci ne. A fadamar garinsu akwai wani tafki da ake hana kama kifi a cikinsa duk shekara, sai da bazara idan ruwa ya ja baya sarkin ruwa ya sa ranar su, wato kamun kifi na gayya. Ranar ba mai tsoma ko ƙafa sai ya ba da izini. Da ya bayar kuwa, kowa ya faɗa da goransa na iyo da homarsa ta kamun kifi, manyan kifayen kuma tun a tashin farko ake kama su.

A wannan shekarar gwiwoyin Baba sun matsa masa. Ya kira ni ya ce, "Bana ne na ƙarshe. Tunda ka sayi abin nan, ka zo ka ɗauke ni, jikokina su ga ni ma na shiga ruwa."

Taubashina yana zaune ya ce, "Kawu, ni ma zan zo."

Na ce masa su za a yi, ba biki ba. Amma ya zo.

Da hantsi muka tsaya a gaɓa, shi can gefe da ni. Na ɗauki Baba yana tsaye kusa da ciyawar kacala, ya juya baya yana gyara homa, jama'ar da ke gabansa sun dusashe. Hoton ya yi kyau har na ji kaina ya kumbura. Sai sarkin ruwa ya ɗaga hannu, tafkin ya rikice. Kafin in ankara Baba ya hau gora ya yi nisa, ya zama ɗan ɗigo a cikin mutane. Gilashin da na ɗaura ba ya jawo nesa. Na durƙusa na buɗe jaka, na kwance shi, ina laluben dogon.

A nan na ji sowa ta tashi. Na ɗaga kai na ga Baba ya rungumo wani ƙaton kifi, giwan ruwa, ya ɗaga shi iya ƙarfinsa, yana neman inda nake. Gilashi na hannuna na dama, kyamara na hagu, bakinta a buɗe. Na waiga na ga taubashina tsaye ƙyam, ido a manne da tasa, yatsansa kaɗai ke motsi. Wallahi a lokacin na yi fatan batirinsa ya mutu.

Baba ya rasu bayan damina. Da zaman makoki ya watse, Inna ta ce in nuna mata shi. Na kunna mata nawa, ta kalli bayansa na ɗan lokaci ta ce, "Ba inda ya juyo?"

Washegari taubashina ya zo ya zuba mata nasa a waya. Hoton yana rawa, rana ta haske shi da yawa, ni da kaina sai in lissafa masa aibi goma. Amma ga Baba nan, ruwa na zuba daga gemunsa, yana haki yana dariya. Inna ta dafa kan taubashina ta yi ta sa masa albarka, ina tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Kishi ya cika ni har na kasa yi masa godiya, kuma har yau ban yi ba.

Sai da Inna ta sake kunnawa na lura makirufonsa ya kama magana. Baba ya dubi gefe, ba wajen mai ɗaukarsa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ka ɗauka kuwa?"

Aka ji muryata daga gaɓa ta amsa, "Na ɗauka, Baba."

Inna tana kunna shi kusan kullum bayan la'asar. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba.